Lambar Yabon da Umma Ta Zubar

Wata baiwar Allah ta rubuto mini a ƙasan abin da na sa wancan karon, ta ce, "Ke dai wallahi zuciyarki dutse ce, mutum yana sonki haka amma kina ba mu labarinsa kamar mai karanta takardar magani." 'Yar'uwa, ban ji haushi ba. Da ma a ce na ji, da na gode miki. Shekara biyu ke nan da wani abu rabon da in ji haushi sosai ko daɗi sosai. Ina ci, ina sha, ina zuwa aiki, in an yi abin dariya ina buɗe baki tare da mutane. Yau zan gaya muku dalili, tunda maganar ta biyo ni har cikin falonmu.

Ga wadda yau ta fara karanta ni, a shagon haɗa firem nake aiki. Hoton aure, takardar gama makaranta, hoton jaririn da aka sa wa hular da ta fi kansa girma, duk mu muke sa su a gilashi. Maigidan shagon shi ke yanka katako, ni nake yanka gilashi, in jera abin a ciki, in rufe bayan da ƙananan ƙusoshi. Yatsuna duk tabo ne, har Gwaggo tana cewa wanda zai aure ni sai ya haɗa da kwalin filasta.

A nan na haɗu da Janar. Ba soja ba ne, kada ku ɗauka. Hoton ƙashi yake ɗauka a asibiti, siriri ne mai tabarau mai kauri, in ya hau bene sai ya tsaya ya huta a tsakiya. Maigidanmu ne ya laƙaba masa sunan, ya ce bai taɓa ganin janar ɗin da ko danƙo bai iya harbawa ba. Dalili kuwa, mutumin nan in ya tashi daga asibiti ba shi da aiki sai bin 'yan gwangwan da masu sayar da tsofaffin kaya, yana neman lambobin yabo na sojoji, irin na ƙarfe da ake maƙala musu a ƙirji. Shi minda yake ce mata, wai haka tsofaffin sojoji suke kiranta. Duk mai tura baro yana sayen tsohon ƙarfe ya san lambar wayarsa. In sun tsinci ɗaya a cikin buhu ba sa ɗora ta a sikeli, shi suke kira.

Ba tarawa kawai yake yi ba. A gefen kowace minda, a bakin nan siriri, ana buga sunan mai ita da lambar aikinsa. Daga nan yake farawa. Ya bi ƙungiyar tsofaffin sojoji, ya bi masu gadin ƙofar banki da suka taɓa sa kaki, ya yi ta buga waya har sai ya san wane ne mutumin, ina ya yi yaƙi, me ya yi aka ba shi, yana raye ko ya mutu. In ya gano iyalinsa sai ya kai musu mindar a cikin firem, ya zauna ya ba su labarin mutuminsu. Wadda ya rasa masu ita, ita ce take zama a bangon ɗakinsa.

Yana da dokoki, kuma sai da muka yi faɗa a kansu kafin mu fara shiri. Ranar farko na ɗauko man goge ƙarfe zan gyara masa wata da ta yi baƙi ƙirin, saura kaɗan ya tsallako teburin.

"Kada ki goge! Don Allah kada ki goge."

"Malam, datti ne fa."

"Ba datti ba ne, shekarunta ne. Ƙyallen nan da ya koɗe ma kada ki canza shi. Kada ki sa gam, da zare za ki ɗinke shi a jikin karammiskin da za ki shimfiɗa a cikin firem ɗin. Bayan kuma a yi shi yadda za a iya buɗewa, wata rana jikansa zai so ya karanta sunan."

Na ce a raina, wannan kam matarsa ta shiga uku. Ashe da kaina nake.

Babbar dokarsa ita ce ta labari. In ya je wurin iyali ba ya ƙara gishiri, ba ya kuma ragewa. Ya taɓa ce mini, "Mutum ya riga ya ba da ransa, ni kuma gaskiyarsa ce za ta gagare ni?"

Yadda ya fara zuwa shago ba minda a hannunsa, da yadda ya karɓi lambata wai don ya riƙa tambayar ko an gama aiki, duk na ba ku wannan. Ban ce masa ina sonsa ba, ban ce ba na so ba. In ya zo ina tura masa kujera. In bai zo ba ina lura da cewa bai zo ba, kuma a halin da nake ciki wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ban taɓa gaya muku ba, shi ma ban gaya masa ba, shi ne ina da wa. Mu biyu Umma ta haifa, Yaya da ni. Yaya soja ne. An tura su wani wuri mai nisa, yana kiranmu duk ƙarshen mako, sai kira ya tsaya. Bayan watanni sojoji biyu suka yi sallama da akwatin kayansa, da wani ɗan ƙaramin akwati daban. Suka ce an kai musu hari a hanya, ba a samu damar komawa ɗauko waɗanda suka faɗi ba, ba a ga gawarsa ba amma an ɗauka ya rasu. Abba ya sunkuyar da kai yana salati. Umma ta ce, "Kun gan shi da idonku?" Suka ce a'a. Ta ce, "To ku sha ruwa ku kama hanya, rana tana yi."

Ba a yi zaman makoki a gidanmu ba. Maƙwabta sun zo washegari da fuskokinsu na ta'aziyya, suka tarar da Umma tana shanya kayan Yaya da ta wanke, tana cewa yaron nan ba ya son warin akwati. Suka zauna kaɗan, suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Har yau ana share ɗakinsa, ana canza zanen gado, takalmansa suna bakin ƙofa an cusa musu jarida don kada su lanƙwashe. Abba ya koma jikin rediyonsa. Ni kuwa na tsaya jiran a fara kuka in bi, ba a fara ba, sai abin ya daskare mini a inda yake.

Mindar da ke cikin ƙaramin akwatin ba ta yi mako a gidan ba. Ina tsaye a ƙofar kicin mai sayen ƙarfe ya yi sallama, Umma ta fito masa da tsohon risho da dutsen gugar da ya daina zafi, sannan ta buɗe akwatin ta juye abin da ke ciki a buhunsa. "Wannan ta matattu ce," in ji ta, "ɗana bai mutu ba." Mutumin ya ɗaure bakin buhu ya tafi, ni kuma na koma wanke-wankena.

Gwaggo, yayar Abba, ita ta bankaɗo maganar Janar. Ta biyo ta shagonmu wata rana ta gan shi zaune, maigidanmu kuma bakinsa ba ya riƙe ruwa, kafin ta fita ta san har asibitin da yake aiki. Da yamma sai ga ta a gida. Ta cire mayafi ta ninke a cinya, alamar zaman zai yi tsawo.

"Yarinya ta samu mai hankali, ma'aikaci, ko sigari ba ya sha. Me ake jira?"

Umma tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba. "Yayanta ake jira."

"Haba ke kuwa."

"Shi ya ce ba mai ɗaukar Auta daga gidan nan sai ya zauna da shi ya dube shi ido da ido. A nan ya faɗa, yana tsaye daidai inda kike zaune. Yaro ya zo ya gaishe mu, ban hana ba. Amma sa rana, sai yayanta ya dawo."

Gwaggo ta juya wajen Abba. "Kai kuma an ɗinke maka baki ne?"

Abba ya ƙara muryar rediyo.

Ta biyo ni ɗaki ta rufe ƙofa. "Ke ma ki buɗe baki ki yi magana. Haka za ki zauna ki tsufa a kan kujerar shago kina jiran wanda ya riga ya..." Sai ta tsaya. Gwaggo da bakinta ya fi reza kaifi, kalmar nan ɗaya ba ta iya furta ta a gidanmu. Ta ja tsaki ta ce labulen ɗakina ya yi datti.

To, ana cikin haka ne Janar ya shigo shago wata safiya yana haki, hannunsa a dunƙule.

"Wannan sabuwa ce, ba ta tsofaffin yaƙe-yaƙe ba. Kin san inda na gan ta? A madubin babur tana lilo. Wani ɗan acaba ya rataye ta don ado, ya ce wajen mai gwangwan ya samo ta tun tuni. Sai da na bi shi har gidan mai."

Ya ajiye mini ita a tafin hannu. Na juya ta gefe kamar yadda ya koya mini, na karkata ta wajen hasken ƙofa. Lambar nan na iya ta fiye da lambar wayata. Ni nake rubuta ta da baƙin biro a jikin kwali duk lokacin da Umma za ta aika wa Yaya sabulu da safa da man shafawa. Sunan da ke jiki kuwa ba zai kai Janar gidanmu ba, don Yaya da sunan kakanmu ya shiga soja, ni kuwa da sunan Abba aka san ni.

Na san kuna jira in ce na yanke jiki na faɗi. Ban faɗi ba. Na ce, "Karammiski ja ko shuɗi?"

Ya ce shuɗi.

Na ɗinke ƙyallen da zare yadda yake so. Ya sha ƙura da hayaƙin titi, wani gefen ma ya fara zarewa. Ban goge komai ba. Janar ya ce in ajiye masa firem ɗin a shago har ya gano masu ita, sai na ɗora shi a kantar da ke saman teburina, na juya fuskarsa bango.

Kada ku tambaye ni me ya sa ban gaya masa ba, na riga ku tambayar kaina. In na ce masa wana ne, zai daina nema don kunyata, ni kuma ashe ina so a nema. In kuma bai daina ba, ranar da ya gano ba zai rage ba, ba zai ƙara ba, kuma Umma ce a ƙarshen hanyar. Na rasa wanne zan zaɓa, sai na yi abin da na iya, na yi shiru.

Saƙonninsa suka riƙa shigowa, na soyayya da na bincike a cakuɗe, don shi bai iya raba su ba.

*Kin karya kuwa? Na gano rundunarsa.*

*Yau na ga wata mai irin mayafinki a asibiti, har na gyara tabarau. Wani sajan mai ritaya ya ce ya san wanda suke kwana tanti ɗaya da shi.*

*Na samu hotonsa! Dogo ne, mai wushirya. Ba zan turo miki ba, kin san ba na yawo da fuskar mutum kafin iyalinsa su gani.*

Na rubuta masa, *Allah sarki.* Ni ma ina da wushirya, amma tunda ba na yawan dariya bai taɓa lura ba.

Ranar Alhamis da ta wuce ina tsakiyar yanka gilashi wayata ta yi ƙara a kan tebur. Na karanta da ido, hannuna yana kan rula.

*Na yi magana da abokin nasa. Yana da rai, amma ya rasa ƙafa ɗaya. A hannunsa mai mindar ya cika. Shi ya rufe masa ido, shi da wasu mutanen ƙauye suka binne shi, ya san wurin. Bayan nan aka kama abokin, bai daɗe da kuɓuta ba, shi ya sa ba wanda ya sani. Ya ce ya kasa zuwa, ba zai iya kallon mahaifiyar mamacin ba. Ya taɓa rako shi hutu, zai turo mini kwatancen gidan. Allah ya jiƙansa.*

Na tuna abokin. Gajere ne mai yawan dariya, ya ci faranti biyu a gidanmu yana cewa Umma ta ɗauke shi ɗa. Na ƙarasa jan abin yankan har ƙasa, na ɓalle gilashin, ya fita sumul ba ko tsagewa. Wata amarya ta zo karɓar hotonta na naɗe mata a jarida, na ce Allah ya ba da zaman lafiya. Da na koma gida na tarar da Umma a ɗakin Yaya da sabon zanen gado a hannu. Ta ce, "Yauwa Auta, kama mini wancan gefen." Na kama, muka ja, muka cusa gefunan ƙarƙashin katifa. Ta daddaɓe filo ta ce damina ta kusa, ya kamata a fito masa da bargo.

Tunanin da ban so in yi ba shi ya yi kansa. In Umma ta ji, jira ya ƙare, ana iya sa rana. In ba ta ji ba, tana nan da ɗanta, ni kuma ina nan da kujerar shago. Mutumin da yake son aurena shi ke riƙe da abin da zai buɗe masa ƙofar gidanmu, bai kuma sani ba. Na ji ƙyamar kaina da na yi wannan tunanin, amma ita ma ƙyamar sama-sama na ji ta.

Gwaggo kuwa ta riga ta tsayar da Asabar a matsayin ranar da zai zo gaishe da su Abba. Tun hantsi ta iso da jakarta. Na fito da doguwar riga ruwan toka, ta ƙwace ta jefa kan gado. "Asibiti za ki je dubiya?" Ta zaro mai ruwan zuma da Yaya ya saya mini hutunsa na ƙarshe, wadda ban taɓa sawa ba, har yanzu da layin ninki a jikinta. Ta goge ta da kanta, ta zizara mini kwalli, ta fesa mini turare har na yi atishawa, ta ce in riƙa ɓoye yatsuna a cikin mayafi. A falo an cire ledar da ke kan kujeru, an fito da kofunan da ba a taɓa su sai baƙo, an canza labule.

Hoton Yaya yana saman talabijin, cikin kaki, hula a karkace, yana wannan dariyar tasa. Ni na haɗa firem ɗin da hannuna. Na hau kujera na sauke shi, bangon ya nuna fari a inda yake.

"Me kike yi?" Umma ce a bakin ƙofa.

"Gilashin ya yi ƙura, zan goge."

"Na goge da safe. Mayar da shi. Baƙo zai zo gidan nan yayanki bai gan shi ba?"

Na mayar.

Bayan la'asar saƙo ya shigo. *Na iso layinku. Fito don Allah.* Na tarar da shi tsaye a gaban ƙofarmu cikin farin yadi mai kari, ledar lemo da ayaba a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Yana duban ƙofar, yana duban wayar.

"Kin ce bayan makarantar firamare, ƙofa ruwan ganye, mangwaro ya leƙo ta katanga."

"E."

Ya juyo mini da wayar. Saƙon abokin Yaya ne, da safen nan ya shigo. Bayan makarantar firamare. Ƙofa ruwan ganye. Mangwaro.

"Na ce in na gama gaishe da su Umma zan nemi wannan gidan, tunda na ga kamar unguwa ɗaya ce." Muryarsa ta yi ƙasa. Ya dubi fuskata a hankali, kamar yadda yake duba gefen minda. "Wanki ne?"

"Yayana ne."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da ka kawo ta."

"Kika zauna kika ɗinke ta da hannunki?"

"Kai ka ce a ɗinke."

Ya cire tabarau. Ban taɓa ganin idonsa ba gilashi ba, ƙanana ne, kuma sun cika taf. Shi ya yi kukan da ya kamata in yi, a bakin ƙofarmu, da ledar lemo a hannu, ni ina tsaye ina kallon wani yaro yana gara taya a ƙarshen layi.

Na ce, "Umma ba ta sani ba. Jiransa take yi. Ta ce ba za a sa rana ba sai ya dawo."

Na ga lokacin da maganar ta gama shiga kansa. Ya goge ido da hannun riga, ya mayar da tabarau.

"In kin ce in yi shiru zan yi shiru. Zan gaishe su in tafi. In jira ne, sai in jira tare da ku."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba. Amma abu ɗaya, ba zan yi mata ƙarya ba."

"Ke Auta!" Muryar Gwaggo ce daga tsakar gida. "A titi za ki aure shi ne? Shigo da baƙo!"

Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe su. Abba ya kashe rediyo da kansa, abin da na manta yaushe rabon da in gani. Aka nuna masa kujerar da ke fuskantar talabijin. Na shigo da shayi da biskit a tire, ina zubawa, Gwaggo tana ta zuba nata. Ta tambaye shi iyayensa, ta tambaye shi asibiti, ta ba shi labarin ciwon gwiwarta tun daga farkonsa. Yana amsawa da ladabi, idonsa yana kan kafet, yana kan Abba, yana kan kofinsa. Da hira ta fara mutuwa, Gwaggo da ba ta iya zama da shiru sai ta jawo wata.

"Ai an ce mini har wani aikin lada yake yi. Wai nemo labarin sojoji, ya kai wa iyalansu."

Tana rufe baki ta gane abin da ta yi. Ta kai kofi baki, ba komai a cikinsa.

Umma ta ajiye nata kofin a hankali. "Nemo su kake yi, ɗana?"

"Labarinsu, Umma."

"Uhm." Ta daɗe tana dubansa. "Duk baƙon da ya shigo falon nan, wancan hoton yake fara kallo. Ya ce wane ne wannan, in ce yayan Auta ne, yana wajen aiki. Kai tun da ka shigo har agogon bango ka kalla, shi ne ba ka kalla ba." Ta gyara zama. "Ka san shi?"

Bai dubi Umma ba, ni ya duba. Akwai amsar da ba ƙarya ba ce, bai taɓa haɗuwa da Yaya ba. Na gan ta a bakinsa, yana jira in ba shi izini. Girgiza kai kaɗan ya isa, ba mai lura. Za a ƙarasa shayi, a raka shi ƙofa, gobe Umma ta fito da bargo.

Har yanzu ban san don wa na yi abin da na yi ba. Wasunku za su ce don aure ne, ba kuma zan rantse cewa babu wannan a ciki ba. Amma abin da ya zo mini a lokacin shi ne, Yaya yana kwance a wani ƙauye da ba mu san sunansa ba, baƙi sun yi masa addu'a, Janar da bai san shi ba ya yi masa, a gidan da aka haife shi kuwa har yau ba wanda ya taɓa buɗe baki ya ce Allah ya jiƙansa.

Na ajiye tiren. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafar Umma, na kama hannunta.

"Faɗa mata," na ce.

Umma ta sauko da idonta kaina. "Ke ma kin sani."

Ba tambaya ba ce. Ta zare hannunta daga nawa, ba da faɗa ba, ta miƙe tana dafa hannun kujera.

"Akwai tukunya a wuta. Bari in sauke, kada ta ƙone."

Ba wanda ya motsa. Muna ji ta kashe gas, muna jin ƙarar murfi, sannan famfo ya daɗe yana zuba. Gwaggo ta rufe fuska da mayafi. A nan ne na ji wani abu ya tsaga ƙirjina, zafi na gaske, irin wanda na manta akwai shi, har sai da na dafa kafet. Tsoro nake ji, kuma ina son yayana, kuma ba zai dawo ba.

Umma ta dawo hannunta a jiƙe, ta gyara ɗaurin ɗankwali. Ba ta koma kujera ba. Ta zauna a ƙasa a gaban Janar ta miƙe ƙafafu, Abba ya sauko daga tasa kujerar ya zauna a gefenta.

"To, ɗana. Daga farko za ka ɗauko, kada ka tsallake komai don ka ga na tsufa." Ta goge hannu a zaninta. "Amma ka fara gaya mini, ya ci abinci ranar?"